Sifilin da Ya Ɓace: Sukar Yadda Ake Koya Mana Ƙirga a Rumbun Bayanai

Mai karatu, akwai wasu layuka huɗu da kusan duk wanda ya fara koyon rumbun bayanai yake haddacewa tun a makonnin farko. Za ka same su a bidiyoyin YouTube, a kwasa-kwasan intanet, har da amsoshin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke bayarwa. Aikinsu shi ne su haɗa tebura biyu, su kasa bayanan gida-gida, su ƙirga abin da ke kowane gida. Ana koyar da su tamkar jadawalin sau, ka haddace ka wuce. Hujjata a wannan rubutu ita ce, yadda ake koyar da su ɗin yana da illa, kuma illar ta fi faɗawa kan mutanen da dama can su ne aka fi mantawa da su.

Ko ba ka taɓa rubuta layin manhaja ɗaya ba, kada ka gudu. In dai ka iya karanta rajistar aji, za ka fahimci komai a nan.

Mu tafi Lajawa

Lajawa ɗaya ce daga mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, tare da Achika, Dagumawa, Dankaza, Darki, Indabo, Kausani, Sabon Gari, Utai da Wudil ɗin kanta. Kamar kowace mazaɓa, ana yi wa yaranta rigakafi, ma'aikatan lafiya suna rubuta wa a rajista, a ƙarshen wata a tattara alƙaluma a tura sama. A Najeriya, alƙaluman lafiya na wata-wata suna shiga wani tsari mai suna DHIS2, wanda aka gina a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, kuma ƙarƙashinsa rumbun bayanai ne na PostgreSQL. Wato dai abin da aka rubuta da biro a asibitin sha-ka-tafi, ƙarshensa tebur ne a kwamfuta, kuma wani ne zai yi wa teburin tambaya.

Me ya sa tambayar take da nauyi? Allurar Penta, wadda ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14, tana kare shi daga cututtuka 5, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. Yaron da bai samu ko ta farko ba, shi masana ke kira yaron da bai taɓa shiga rigakafi ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna irin waɗannan yara sun kai kusan miliyan 2.1 a Najeriya, adadi mafi yawa a duniya a shekarar. Ɓarkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022 kuwa a Kano ta fi ƙamari. Ka ga kenan babbar tambayar mai tsara rigakafi ita ce: ina ne ba mu je ba? Tambaya ce ta neman sifili.

To bari mu ƙaddara muna da rumbun bayanai na wannan mazaɓa. Sunayen ƙauyukan da alƙaluman da za su biyo baya na misali ne kawai, don lissafi ya fito fili. Tebur na farko, kauyuka, yana da layi ɗaya ga kowane ƙauye, da lambarsa da sunansa. Tebur na biyu, yara, yana da layi ɗaya ga kowane yaro, da lambar ƙauyensu. A ce Ƙauyen Gabas yana da yara 40 a rajista, Ƙauyen Yamma 25, Ƙauyen Kudu 15, sai wata Rugar Arewa da take cikin jerin ƙauyuka amma ba a taɓa rubuta yaro ko ɗaya daga cikinta ba.

Ga layukan huɗu da ake haddacewa, a harshen SQL:

SELECT k.suna, COUNT(*)
FROM kauyuka k
JOIN yara y ON y.kauye = k.lamba
GROUP BY k.suna;

Da Hausa: haɗa kowane ƙauye da yaransa, ka kasa su bisa sunan ƙauye, ka ƙirga layukan kowane kashi.

Illa ta farko: wanda ba shi da kowa ba ya fitowa

Amsar da kwamfuta za ta ba ka layi 3 ce: Gabas 40, Yamma 25, Kudu 15. Ina Rugar Arewa? Babu ita. Ba a rubuta mata sifili ba, sunanta ma bai fito ba. Dalili kuwa, kalmar JOIN idan ta zo ita kaɗai tana riƙe layukan da suka samu abokin haɗi ne a ɗaya teburin. Rugar ba ta da yaro a rajista, don haka tun kafin a zo kasawa gida-gida an zubar da ita. GROUP BY ba ya iya ƙirƙirar gida ga abin da bai iso gabansa ba.

Duba abin da zai biyo baya. Wanda ya karɓi wannan amsa ya tambayi kansa, ƙauyuka nawa ne ke da yara a rajista, zai ga 3 cikin 3, kashi 100 cikin 100. Gaskiyar kuwa 3 cikin 4 ce, kashi 75. Matsakaicin yara a kowane ƙauye zai fito kusan 27, alhali 20 ne. Babu saƙon kuskure, babu jan rubutu. Tebur ne mai tsafta, kowane adadi a cikinsa daidai yake, sai dai layin da aka buɗe kwamfutar dominsa shi ne ya ɓace. Kuma lura da wanda ke ɓacewa: ba garin da ke bakin kwalta ba ne, ruga ce, ko gidajen da ke tsallaken rafi da damina, ko sabuwar unguwar da ta tashi bara.

Malamin da ya ɗan yi nisa zai ce, ai mai sauƙi ne, sa LEFT JOIN, wanda ke riƙe duk ƙauyukan ko da ba su da abokin haɗi. Haka ne. Amma idan ka canza wannan kalma kawai ka bar COUNT(*), Rugar Arewa za ta fito da adadin 1. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Abin da ya faru shi ne, LEFT JOIN ya samar wa rugar layi ɗaya wanda ɓangaren yaransa fanko ne, abin da SQL ke kira NULL, shi kuma COUNT(*) layi yake ƙirgawa, bai damu da me ke ciki ba. Yanzu rahoto ya ce akwai yaro ɗaya da aka yi wa rajista a wurin da ba a taɓa zuwa ba, kuma duk wanda ya tace ƙauyuka masu sifili ba zai gan ta ba. Sai an rubuta COUNT(y.lamba), wanda ke tsallake fanko, sannan sifilin gaske zai bayyana.

An tsira? Da saura. Gobe oga ya ce a taƙaita ga yaran da aka haifa a 2024. Mai rubutu ya ƙara WHERE y.shekara = 2024 a ƙasa, kamar yadda aka koya masa. Layin rugar shekararsa fanko ce, fanko kuma ba ya cin kowace jarrabawar daidaito a SQL, sai a sake zubar da shi. Har ma duk ƙauyen da yake da yara amma babu haihuwar 2024 a rajistarsa zai bi ta. Sharaɗin a cikin ON ya kamata ya zauna, wurin da ake haɗin. Tarko uku kenan a jere kan sifili ɗaya, kuma darussa da yawa ko ɗaya ba sa ambata.

Illa ta biyu: ɗaya ya zama shida

Wannan ita ce kishiyar ta farko. Can abu ke ɓacewa, nan kuma hayayyafa yake yi.

Mu ƙara tebur na uku, ziyara, mai layi ɗaya ga kowace fita da ma'aikata suka yi zuwa ƙauye, tare da adadin kwalaben rigakafin da suka tafi da su. A ce an je Ƙauyen Gabas sau 6, kowane zuwa da kwalba 10, jimilla 60. Oga yana son ganin yara da ziyara a tebur guda. Abin da hannu zai fara yi shi ne a ƙara JOIN na biyu a ƙarƙashin na farko.

Matsalar ita ce babu abin da ya ɗaure yaro da ziyara in ban da ƙauyen. Don haka kwamfuta za ta haɗa kowane yaro da kowace ziyara: 40 sau 6, layi 240. Ka ƙirga yara, 240. Ka ƙirga ziyara, 240. Ka tara kwalabe, kowace ziyara ta maimaitu sau 40, sai ka samu 2,400 a maimakon 60. Ka ga idan mai binciken kuɗi ya riƙe wannan takarda ya nufi ma'aikaciyar da ta sa hannu a kan kwalba 60, sai ta yi bayanin inda 2,340 suka shiga, alhali ba su taɓa wanzuwa ba.

Abin da ya fi ban tsoro, ninkin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Ƙauyen da aka je sau 6 an ninka yaransa sau 6, wanda aka je sau 1 an bar shi yadda yake. Wato wurin da ya fi samun kulawa shi ne zai ƙara kumbura a rahoto, ya zama kamar shi ya fi yawan jama'a, kuma idan da wannan rahoto za a raba kayan wata mai zuwa, shi zai sake kwashe kaso mafi tsoka.

Maganin da aka fi yaɗawa shi ne kalmar DISTINCT, wato a ƙirga kowace lamba sau ɗaya. Ga ƙirga tana aiki: COUNT(DISTINCT y.lamba) zai dawo da 40. Amma mutum ya saba da ita, sai ya ɗauka maganin komai ce, ya rubuta SUM(DISTINCT z.kwalabe). Amsar ita ce 10. Me ya sa? Saboda ziyarce-ziyarcen 6 duk adadinsu 10 ne, sai aka ɗauke su abu ɗaya. Daga 2,400 an faɗo 10, gaskiya tana 60. DISTINCT rufa-rufa ce a kan layukan da tun farko bai kamata a haife su ba.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce a ƙirga kowane tebur shi kaɗai tukuna, ya koma layi ɗaya ga kowane ƙauye, sannan a haɗa:

SELECT k.lamba, k.suna,
  COALESCE(y.adadi, 0) AS yara,
  COALESCE(z.jimilla, 0) AS kwalabe
FROM kauyuka k
LEFT JOIN (SELECT kauye, COUNT(*) AS adadi
  FROM yara GROUP BY kauye) y ON y.kauye = k.lamba
LEFT JOIN (SELECT kauye, SUM(kwalabe) AS jimilla
  FROM ziyara GROUP BY kauye) z ON z.kauye = k.lamba;

Ya fi tsawo, amma babu ninki, kuma COALESCE yana mayar da fanko sifili, don haka Rugar Arewa tana nan da sifilinta guda biyu. Wannan ne ya cancanci a haddace.

Illa ta uku: suna ba shaida ba ne

Koma ka dubi layi na huɗu na tambayar farko: an kasa ne bisa suna. A littattafan da aka rubuta da misalan kamfanonin Amurka wannan ba ya cizo da wuri. A ƙasar Hausa kuwa yana cizo nan take. Akwai mazaɓar Sabon Gari a Wudil, akwai Sabon Garin Kano a yankin Fagge, akwai Ƙaramar Hukumar Sabon Gari a Zariya. Akwai Tudun Wada ƙaramar hukuma a Kano, akwai unguwannin Tudun Wada a Zariya da Kaduna. Unguwar Liman, Gidan Sarki, Kofar Gabas kuwa, Allah kaɗai Ya san adadinsu. Ka kasa bisa suna a matakin jiha ko ƙasa, kwamfuta za ta zuba su a kwano ɗaya. Idan ɗayansu sifili ne, ɗayan kuma yana da yara 200, sifilin ya nutse.

Ta ɗaya gefen kuma, wuri ɗaya yana iya rabuwa uku: wannan ya rubuta Dankaza, wancan Dan Kaza, wani ya sa ƙugiya ya rubuta Ɗankaza. A idon kwamfuta garuruwa 3 ne. Shi ya sa lamba ce abin kasawa, suna kuwa ado ne da ake liƙawa daga baya don mutum ya karanta.

Laifin wa?

Masu kare SQL za su ce harshen ya yi abin da aka ce ya yi, kuma ba su yi ƙarya ba. Tunanin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970, na ajiye bayanai a tebura masu alaƙa, da harshen da Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gabatar a 1974, sun yi shekaru da dama suna riƙe da bankuna, asibitoci da rajistar masu zaɓe. Raba yara da ƙauyuka a tebura daban ma hikima ce: idan an gyara sunan ƙauye, wuri ɗaya za a gyara.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Harshen ya ba haɗin da ke zubar da layuka gajeriyar kalma, wanda ke riƙe su kuma sai ka ƙara rubutu, kuma sai a ƙa'idar 1992 ma aka shigar da shi a hukumance. Idan babu layi ko ɗaya, COUNT yana ba da sifili amma SUM yana ba da fanko, 'yan gida ɗaya da hali biyu. Codd da kansa ya soki SQL a 1988, kuma cikin manyan ƙorafe-ƙorafensa akwai barin layuka su maimaitu.

Kada ka ɗauka 'yan koyo kaɗai wannan rami ke ci. A 1982 wani masani, Won Kim, ya wallafa dabarar sauya tambayoyi masu sarƙa zuwa haɗi da kasawa don su yi sauri. Bayan 'yan shekaru Werner Kiessling ya nuna cewa dabarar tana ba da amsa marar daidai idan abin da ake ƙirgawa sifili ne, domin gidan da ba kowa yana ɓacewa, daidai abin da ya samu Rugar Arewa. A 1987 Richard Ganski da Harry Wong suka nuna gyaran, ta hanyar haɗin da ke riƙe marasa aboki. Kuskuren da ya tsallake ƙwararrun masu tace mujallar bincike, ta yaya za a ce ɗalibin aji biyu a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ya gano shi da kansa ba tare da an nuna masa ba?

Shi ya sa nake ganin kaso mafi girma na laifin yana kan koyarwa. Bayanan gwaji da ake ba ɗalibai sun cika tsafta: kowane sashe yana da ma'aikata, kowane mai saye ya sayi wani abu, babu suna biyu iri ɗaya. A kan irin wannan tebur, tambaya mai kyau da mai lahani amsa ɗaya suke bayarwa, ɗalibi ya ci maki, ya fita da lahanin zuwa wurin aiki. Sauran laifin kuma na masu karɓar rahoto ne, da allo mai launi ke burge su har su manta su ƙirga layukan. Masu Excel ma ba su tsira ba: teburin taƙaitawa na Excel ba ya nuna abin da ba shi da bayani sai an umarce shi.

Inda gyaran tambaya ba ya kaiwa

Adalci ya sa in faɗi iyakar wannan suka. LEFT JOIN yana ceto ƙauyen da yake cikin teburin kauyuka ne kawai. Wanda ba a taɓa rubutawa ba, babu dabarar SQL da za ta fito da shi. Yaƙin shan inna ya koyar da wannan darasi: daga wajen 2012, lokacin da aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana taswirar mazaɓu a Kano da maƙwabtanta, an gano ƙauyuka da rugage da ba sa cikin taswirar hannu da ma'aikata ke bi. Kano ta ga na ƙarshen shan inna na asali a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Jerin ƙauyuka aikin ƙafa ne, na mai unguwa, dagaci da ma'aikacin lafiya, ba na kwamfuta ba.

Haka kuma sifili ba ma'ana ɗaya gare shi ba. Zai iya nufin an je ba a samu yaro ba, ko ba a je ba, ko an je amma rahoton bai iso ba. COALESCE ɗin da na yaba yana shafe wannan bambanci idan ba a kula ba. A DHIS2 ma, sai an zaɓa wa wani bayani cewa a riƙa adana sifilinsa, in ba haka ba sifilin da aka shigar ba ya zama a rumbun. Mai nazarin da bai san wannan ba zai iya ɗaukar shiru a matsayin sifili, ko sifili a matsayin shiru. Sannan yawan yaran da ake sa ran samu a kowane wuri, hasashe ne da galibi ke tasowa daga ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi.

Abin da za ka iya yi

Idan kai mai karɓar rahoto ne, kansila, ɗan jarida, shugaban makaranta ko ma'ajin ƙungiya, tambayoyi huɗu sun ishe ka, kuma ba sa buƙatar sanin SQL. Na farko, layi nawa ya kamata su fito, nawa suka fito? Tebur na mazaɓun Wudil dole ya zo da layi 10, na ƙananan hukumomin Kano 44, na mazaɓun jihar 484, na ƙananan hukumomin ƙasa 774. In ka ga 9 a Wudil, tambayi wace ce babu. Na biyu, ina sifilin? Dogon tebur da babu sifili ko ɗaya abin tuhuma ne kafin ya zama abin murna. Na uku, jimillar rahoton ta yi daidai da adadin layukan rajistar asali? Yara 80 suka shiga, 80 za su fito. Na huɗu, layi ɗaya a nan yana wakiltar me, yaro, allura ko ziyara? Idan mai rahoton ya yi jim kafin ya amsa, a sake lissafi.

Idan kuma kai mai koyarwa ne ko mai rubuta tambayoyin, gurɓata bayanan gwajinka da gangan. Sa ƙauye ɗaya da ba shi da yaro, ƙauyuka biyu masu suna ɗaya, yaro ɗaya mai allura 3, da ziyara biyu masu adadin kwalba iri ɗaya. Rubuta amsar da ta dace a takarda kafin ka danna komai. Duk tambayar da ta kasa wannan ƙaramin gwaji, kada ta kusanci bayanan Lajawa.